Takun Alhaji Habibu

Gidan Alhaji Habibu yana cikin tsofaffin gidajen Nassarawa GRA, waɗanda aka gina tun ana barin fili. Ɗakuna ne a jere, doguwar baranda mai daɓen tarazo ta ratsa tsakiyarsu, bishiyoyin maina da mangwaro sun rufe kwanon da inuwa. Da mai gidan ya rasu sai gidan ya yi wa mutanensa yawa. Babban ɗansa, Auwalu, yana aiki a Fatakwal, sauran 'ya'yan kowa na inda aure ko aiki ya kai shi. Aka bar matarsa, Hajiya Indo, wadda ciwon ido ya cinye mata gani tun kafin rasuwar, sai Hauwa mai girki, dattijuwa, da ke kwana a ɗakunan baya.

Ma'u ce kaɗai cikin 'ya'yan take zaune a Kano. Mataimakiyar shugabar wata makarantar 'yan mata ce a Kawaji, gidan mijinta kuma yana Badawa. Tun da aka yi rasuwar ta ɗaukar wa kanta zuwa kullum idan an tashi daga makaranta. Takan iso dab da la'asar, lokacin da Hajiya ke ɗan kishingiɗa, don haka ba ta ɗaga murya da sallama. Sai ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta bi barandar nan a hankali, ta wuce ƙofar Hajiya, ta shiga ɗakin mahaifinta da ke can ƙarshe. Ta buɗe tagogi iska ta shiga, ta yi alwala, ta yi sallarta a kan dardumarsa. Bayan nan take dawowa wurin uwar su yi hira.

A watannin takaba ne ƙafarta ta hagu ta soma ciwo. Ta yi tsayuwa ba kaɗan ba a lokacin, tana tarbar masu gaisuwa, tana zirga-zirga tsakanin kicin da falo ba takalmi. Ciwon a dunduniya yake, kuma yana da wani hali: idan ta tashi da asuba, ko ta fito daga mota bayan ta daɗe a zaune, takun farko kamar ta ɗora ƙafar a kan ƙusa. In ta ɗan yi tafiya sai ya lafa. Shi ya sa ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ta sayi man zafi, tana shafawa idan ta tuna.

Ramar Hajiya ce ta fi damunta. Hauwa ta ce tuwon rana yana dawowa yadda ta kai shi. Idan Ma'u ta shiga ɗakin sai ta tarar da uwar a zaune a tsakiyar gado, ba a kishingiɗe ba, carbi a hannu, fuskarta tana fuskantar ƙofa.

"Hajiya, wai me ke damun ki ne? Ko jikin ne?"

"Lafiyata ƙalau."

Haka suka yi ta yi, har wata rana Ma'u ta zauna a bakin gadon ta ce ba za ta tashi ba sai ta ji. Hajiya ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta sassauta murya.

"Kada ki gaya wa yayanku. Zai ce hankalina ya taɓu."

"Ba zan faɗa ba."

"Ina jin takun babanku."

Ma'u ta matso kusa da ita. Ta ce, "A mafarki?"

"Ido biyu. Da rana tsaka. Na san wanda ya tafi ya tafi, ba yarinya ba ce ni. Na yi ta'awwuzi, na karanta duk abin da na sani. Amma tun da idona ya rufe da kunne nake gane mutanen gidan nan. Hauwa tana jan silifa. Ke kina sauri kamar ana bin ki. Shi kuwa hagunsa yake saukewa gaba ɗaya, ɓaf, sannan dama ta biyo da gaggawa. Shekara da shekaru ina jin wannan takun. Yana zuwa daga falo, ya wuce ƙofata, ya shiga ɗakinsa. Sai in ji an tura ƙofar."

"Ai ni ce nake shiga ɗakin, Hajiya. Kullum nakan buɗe tagogi."

"Na san takunki, Ma'u. Ni na haife ki. Idan kin fito daga can ina jin ki, kuma ke ce. Wanda yake shiga nake faɗa miki."

Washegari Ma'u ta nemi izini ta bar makaranta da wuri, ta shigo da sallama, ta zauna kusa da uwar tun kafin lokacin ya yi. Suka kasa kunne su biyu. Ba abin da suka ji sai kukan kurciya da ƙarar janareton maƙwabta. Da aka kira la'asar Hajiya ta sauke ajiyar zuciya.

"Yau bai zo ba. Ko don kina nan ne."

Aka kira malamai suka yi saukar Alƙur'ani, aka yi sadaka, Hauwa ta turara kowane lungu. Ma'u ta koma zuwa a lokacinta na da, Hajiya kuma ta ci gaba da jin abin da take ji. Daga nan barandar ta soma yi wa Ma'u tsawo. Ko da rana duhu-duhu gare ta, don inuwar bishiyoyin ba ta barin haske ya shigo sosai. Idan ta shigo daga mota tana takawa da ƙyar, sai ta ji kamar wani sauti yana biye da ita daga bango, mai nauyi, wanda ta sani tun tana ƙarama. In ta tsaya, ya tsaya. Ta waiwaya, ba kowa, ta tura ƙofar ɗakin, sai hulunan mahaifinta a jere bisa kantar bango. Ta daina rufe ƙofar ɗakin idan tana salla. Wani lokacin ma sai ta idar ba ta san surar da ta karanta ba.

Ana cikin haka ƙafar ta ƙi. Ciwon ya bar dunduniya kaɗai, ya hau gefen ciki na idon sawu, wurin ya ɗan kumbura. Ranar da ta kasa hawa benen ofis sai da ta dafa bango, shugabar makarantar ta ba ta lambar wata likitar gashin ƙashi, Perpetua, mutuniyar Wusasa, mai ɗan asibiti a bayan wani kantin magani a nan Nassarawa.

Perpetua mace ce gajera mai fara'a, ba ta da gaggawa. Ba ta fara da taɓa ƙafar ba. Cewa ta yi Ma'u ta zauna tukuna, ta yi mata tambayoyi masu yawa, ta ɗauki takalminta ta juya shi tana duba inda ya cinye. Sai da Ma'u ta daɗe a zaune sannan Perpetua ta ce, "To Malama, tashi ki taka min zuwa waccan ƙofar, ba takalmi. Kada ki gyara tafiyar. Zan ɗauke ki a waya ta baya, in kin yarda, don ki ga abin da nake gani."

Ma'u ta ɗan ɗage zaninta zuwa ƙwauri, ta taka, ta dawo. Perpetua ta miƙo mata wayar.

Kafin ta gane hoton, kunnenta ya riga ya gane sautin. Ɓaf, sannan ɗaya ƙafar ta biyo da sauri. Ga ƙafar hagu ta buɗe waje, dunduniya ta karkata, kafaɗa tana ɗan faɗawa gefe a kowane taku. In da za a ɗora wa wannan hoton babbar riga, Alhaji Habibu ne yake dawowa daga masallaci.

Ta ajiye wayar a kan cinyarta. Perpetua ta dube ta.

"Lafiya, Malama? Ko ciwon ne?"

"Sake kunna min."

Perpetua ta sake kunnawa. Ma'u ta rufe ido ta saurara kawai. Hawaye suka zubo mata, ta sa gefen mayafi ta share.

"Tafiyar babana ce," ta ce. "Allah ya yi masa rasuwa bara."

"Allah ya jiƙansa. Shi ma yana fama da ƙafa?"

"Tun ina yarinya. Safiyo ne, a daji ya yi rayuwarsa yana awon filaye. Mu dai mun taso mun ga haka yake tafiya."

Perpetua ta jawo kujera ta zauna a gabanta, ta ɗora ƙafar a kan gwiwarta. Ta bi tafin da babban yatsa.

"Kin ga nan, tsakanin dunduniya da yatsu? A ƙafar yawancin mutane akwai rami a nan, wurin ba ya taɓa ƙasa. Wannan lanƙwasar ce take karɓar nauyin jiki, ta ɗan lotsa, ta dawo. Taki ba ta da zurfi tun asali, kuma irin wannan yakan bi jini. Ba cuta ba ce, mutane da yawa suna rayuwa da ita ba su taɓa jin komai ba. Amma akwai wata jijiya mai faɗi da ta tashi daga dunduniya zuwa yatsu, da wata da ta zagayo ta bayan idon sawu tana riƙe da ramin. Kin ba su aikin da ya fi ƙarfinsu, ga tsayuwa, ga daɓe mai tauri, ga agararki ta ɗaure. Idan kin huta sai su takure, kina tashi ki ja su da ƙarfi. Shi ya sa takun farko ya fi zafi. Jikinki kuma yana gudun zafin, sai ya juya ƙafar waje, ya sauke ta gaba ɗaya, ya yi maza ya miƙa nauyin ga ɗayar. Ƙafa iri ɗaya, ciwo iri ɗaya, ba mamaki tafiyar ta zo ɗaya."

"In na ɗan yi tafiya kuma sai ta koma tawa."

"Don jijiyar ta saki. Yanzu haka ne. In aka bar ta, wata rana ba za ta koma ba."

Ta koya mata yadda za ta dafa bango ta miƙe agara, da yadda za ta ja yatsunta da tawul kafin ta sauko daga gado, da mirgina gorar ruwa mai sanyi a ƙarƙashin tafin, da ɗaga dunduniya a hankali tana riƙe da kujera. Ta auna ƙafar, ta ba ta wata shimfiɗa mai tudu a tsakiya da za ta riƙa sa wa cikin takalmi. Ta ce ko a cikin gida kada ta ƙara taka tarazo da tafi tsirara, ta samu takalmi mai tsabta ta ajiye na ɗaka.

Ma'u ta fito da niyyar ta wuce kai tsaye ta gaya wa Hajiya. Har ta shirya yadda za ta faɗa, da dariyar da za su yi. Amma da ta shiga ɗakin, takalmi da shimfiɗar a ƙafarta, sai ta tarar da abin da ba ta lura da shi ba a 'yan makonnin nan, don tsoronta ya rufe mata ido. Hajiya ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali mai kyau, ɗakin yana ƙamshin turaren da ta daina sawa tun rasuwar. Kwanon abinci yana gefe, ba komai a ciki.

"Yau ya makara," in ji Hajiya, tana ɗan murmushi. "Ko da yake dama in ya tsaya hira a masallaci haka yake yi."

"Ba kya jin tsoro kuma?"

"Tsoron me? Bai taɓa tsayawa a ƙofata ba, bai taɓa cewa komai ba. Wucewa kawai yake yi. Ko mene ne, Allah ya san shi. Ni dai in na ji, sai gidan ya zama gida."

Ma'u ta fasa faɗa mata. Ta ce a ranta gobe.

Goben ba ta zo ba. Ta sayi takalmin ɗaka mai taushin ƙasa, ta sa shimfiɗar a ciki, tana yin duk abin da aka ce mata safe da yamma. A hankali zafin asuba ya ragu, kumburin ya sace. Da ta koma, Perpetua ta sake ɗaukar ta a waya, ƙafar ta soma komawa kan layinta. A barandar kuwa sautin ya ɓace. Ma'u tana wucewa shiru, bango ba ya amsa mata komai.

Hajiya ba ta yi ƙorafi ba. Ta ci gaba da wanka da turare na wasu kwanaki, tana zama fuskarta a ƙofa. Daga baya ta bar turaren. Sannan Hauwa ta tare Ma'u a kicin ta ce tuwo ya koma dawowa.

"Ya daina zuwa," Hajiya ta ce wata rana, ba tare da an tambaye ta ba. "Ko wani abu na yi?"

"Me za ki yi, Hajiya?"

"Na faɗa miki. Wataƙila da ban faɗa wa kowa ba."

Ma'u ta koma gida ranar ta kasa cin abinci. Ta san abin da ya kamata ta yi, amma duk lokacin da ta buɗe baki sai ta ga kamar za ta sake yi wa uwar rasuwa. Da ta iso gidan washegari, ta tsaya a bakin barandar ta daɗe. Inuwar maina tana motsi a kan daɓen. Ta sunkuya ta cire takalmin, ta riƙe shi a hannu. Ta juya ƙafar hagu waje, ta sauke ta gaba ɗaya, ta jawo ta dama. Ƙafar ba ta ciwo kamar da, don haka sai da ta tuna yadda ake yi. Ta yi taku kaɗan, tana jin kamar ta saci rigar mamaci ta sa.

Tana isa daidai ƙofar, muryar Hajiya ta fito.

"Ma'u. Shigo."

Ta shiga, takalmin a hannunta.

"Wannan ba shi ba ne. Wannan mai kwaikwayo ne, yana tunani kafin ya taka. Me kike yi haka?"

Ma'u ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon. Ta faɗa mata komai, daga takun farko na asuba har hoton da ta gani a wayar Perpetua. Hajiya ba ta katse ta ba. Da ta gama, uwar ta ce, "Miƙo ƙafar."

Ta ɗora ta a kan katifa. Hajiya ta lalubo ta da hannu biyu, ta bi dunduniya, ta bi tafin, ta tsaya a gefen idon sawu ta danna a hankali.

"Nan ne?"

"Nan ne."

"Tasa ce sak. Har wannan ƙashin da ya turo." Ta ci gaba da riƙe ƙafar. "Kullum ya dawo daga daji sai na dafa ruwa na gasa masa. Na yi na yi ya je asibiti, ya ce gado ne, haka babansa yake, ba a kai gado asibiti. Ku ba ku sani ba, kuna makaranta. A ƙarshe masallacin nan na bakin layi sai da mota ake kai shi, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai. Ya ce mutumin da ya taka rabin jihar nan da ƙafa." Ta saki ƙafar. "Ke kuma kin samu mai gyara miki, kin zo kina ɓatawa saboda ni. Mayar da takalminki."

Ma'u ta mayar. Tana ɗaure igiyar Hajiya ta sake magana, a hankali.

"Ashe duk ke ce."

"Ni ce, Hajiya."

"Har ranar da kuka kai ɗalibai gasar karatu Dutse, kika bugo waya kika ce ba za ki samu zuwa ba?"

Hannun Ma'u ya tsaya a kan igiyar. Ta tuna ranar sarai. Sai bayan magariba suka shigo Kano, kuma gida ta wuce.

"Kin ji shi ranar?"

"Na ji. Har tura ƙofar." Hajiya ta juya fuskarta wajen barandar, ta ɗan saurara, sannan ta girgiza kai. "Ko da yake kunne ma yana sabo. Abin da ya saba ji a lokaci kaza, yana iya jiyo shi ko babu. Bar shi kawai."

Ba su ƙara tayar da maganar ba. Amma Ma'u ta kira Auwalu a daren, ba ta gaya masa dalili ba, ta ce dai gidan ya yi wa Hajiya girma, kuma kaɗaici yana cin ta. Suka yi shawara da sauran 'yan'uwa da mijinta. Da aka kawo wa Hajiya zancen komawa Badawa, kowa ya zaci za ta ƙi. Sai ta ce a ba ta zuwa bayan Salla, kuma da Hauwa za ta tafi.

Kafin lokacin suka raba kayan marigayin. Riguna da huluna aka bai wa 'yan'uwa da mabukata. Ɗakin ya zama fili, muryar mutum tana amsawa a ciki. Ƙafar Ma'u ta ci gaba da sauƙi, ko da yake Perpetua ta gaya mata gaskiya cewa ramin tafin ba zai canja ba, kula ce za ta yi ta yi, kuma duk ranar da ta yi sakaci zai tuna mata.

Ranar tashi, da hantsi, an gama loda kaya a mota, Ma'u ta riƙo hannun uwar suka fito daga ɗaki. A tsakiyar barandar Hajiya ta ja ta tsaya. Ta saki hannun, ta dafa bango, ta karkata kai. Ma'u ta tsaya a bayanta ba ta motsa ba, ita ma ta sami kanta tana saurare. Iska ta kaɗa ganyen mangwaro a kan kwano. Can waje direba yana magana da Hauwa.

Hajiya ta yi wa mijinta addu'a a fili, ta shafa. Sannan ta miƙo hannu.

"Mu je."

A mota, sun hau titi sun miƙe, ta juyo wajen 'yarta.

"Wannan likitar taki, tana duba gwiwa? Tawa ta dama ta daɗe tana damuna, ban dai faɗa ba."

"Tana dubawa."

"To ki kai ni ranar da ba ki da aiki da yawa."